Fatar Damisa

Tun tsuntsaye ba su farka ba a Contamana
na ɗura wa injin kwale-kwale mai.
Maribel Tananta ta gangaro cikin laka,
shuɗin akwati a ƙirji kamar mai rarrashin jinjiri.
Ƙanƙara ce a ciki, da 'yan kwalabe.
Ta ce, "Fortunato, yau da rana muke tsere.
In ta narke kafin mu isa, mun yi zuwan kare ga aboki."

Ucayali ya cika ya batse.
Awa biyar muna tsaga jan ruwansa,
na cire rigata na lulluɓe akwatin,
na bar wa rana gadon bayana ta gasa.

Ƙauyen na tsaye kan dogayen turaku
kamar zalɓe a bakin gaɓa.
Iyaye mata suka jeru, kowacce da nata a kafaɗa,
sai tsoho Eleuterio ya tare ƙofa,
jikarsa Nilda ta laɓe bayan ƙafarsa.
"Yarinya lafiyarta ƙalau.
Wane irin magani ne wannan,
a zuba ciwo a jiki wai don a kori ciwo?"

Maribel ba ta yi musu ba.
Ta dubi bango, inda fatar damisa
ta bushe, asu ya ci gefenta.
"Baba, wancan karen da ke ƙarƙashin ɗaki,
yaya aka yi ya san damisa?"

Tsoho ya yi tsaki, sannan ya yi murmushi.
"Yana ɗan kwikwiyo na sa masa fatar a hanci.
Gashin bayansa ya miƙe,
ya kwana yana haushi, ya hana mu barci."
"Fatar ta cije shi?"
"Ina fata, ina cizo?"

"To, abin da ke kwalbar nan ke nan.
Ƙyanda ce, amma an zare mata haƙora da farata.
A cikin jinin Nilda akwai 'yan karnuka farare,
ba su taɓa ganin wannan dabba ba.
Za su shinshina, su kewaye ta,
su saƙa mata tarko daidai wuyanta.
In jikin ya yi ɗumi nan da kwanaki,
kada gabanka ya faɗi, haushin ne.
Daga baya wasu za su kwanta a lungu,
shekara ashirin, arba'in,
ido a rufe, kunne ɗaya a tsaye.
Ran da ta gasken ta shigo da dare
ba za ta tarar da baƙi ba.
Zan kuma dawo, a sake nuna musu fatar,
don akwai kwikwiyon da sai an maimaita masa."

"Wannan fa?" Ya nuna jinjirin maƙwabciya,
wata huɗu, yana tsotson nono.
"Bai isa ba tukuna.
Aron da ya yi wa jinin uwarsa yake ci.
Amma in kowane gida da kare a farke,
ta ina damisa za ta bi ta kai tsakiyar gari?"

Nilda ta yi kuka sau ɗaya, gajere,
ta koma kallon audugar da ke damtsenta.

Ni ina jingine da turke ban ce uffan ba.
Ina da ƙanwa, Elvira.
Shekararta uku, ƙuraje suka rufe ta har fatar ido,
ƙirjinta na kuka kamar tsohon inji.
Kwana tara uwarmu tana duban kogi.
Gungumen itace ya wuce, ganye ya wuce,
babu akwati shuɗi.

Da yamma muka juyo.
Maribel ta ƙirga kwalaben da suka ƙare,
ta rubuta talatin da ɗaya a littafinta,
barci ya sace ta kan buhun ayabar da aka ba mu.
Na buɗe akwatin.
Sauran ƙanƙara kamar ɗan yatsa tana yawo a ruwa.
Na ɗauka na ɗora a wuyana da ya ƙone,
na rage kukan injin
don kada ta farka.